Saye da Kaka, Sayarwa da Bazara: Yadda Ake Juya Kuɗi a Wake da Hatsi a Maradi

Kowa a Maradi ya san tiyar wake ta watan Nuwamba ba ita ce tiyar wake ta watan Yuni ba. Da kaka manomi na neman kuɗin biyan bashi, na aure, na tufafin yara, sai kaya su cika kasuwa farashi ya faɗi. Da bazara rumbuna sun yi ƙasa, ga neman iri, ga cimaka ta yi wuya, sai farashi ya tashi. Tsakanin waɗannan lokuta biyu mai ajiya ke neman ribarsa. Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne, yawancin riba ko asara tun ranar saye ake ƙulla ta: da wane farashi aka saya, wane irin kaya aka karɓa, kuma cikin me aka zuba shi.

Lissafi kafin a taka kasuwa

A ɗauki misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa farashin shekararsa. Tiya tana kai wajen kilo 2.5, saboda haka buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. A ce an sayi tiyar wake sefa 600, abin da za ka ji mai awo ya kira ɗari da ashirin tun da a dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Buhu ya kama jika 24, wato sefa 24,000. To amma ba a nan kuɗinsa ya tsaya ba. Buhu mai ninki uku na kare wake daga ƙwaro, a ce 1,200. Mota daga kasuwar ƙauye zuwa gari, 750. 'Yan dako, lodi da saukewa, 400. Awo da la'ada, 300. Harajin kasuwa, 100. Hayar mangaza sefa 150 a wata har wata 7, ya zama 1,050. In an sheƙe an tsince, ƙasa da ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen ƙwaya za su cinye tiya ɗaya da rabi da sai an cike gurbinsu, 900 ke nan. Jimilla buhu ya tsaya maka 28,700.

Raba wannan gida 40, sai ka ga tiya ta tsaya maka kusan 720. Ma'ana, wanda ya saya 600 ya ga kasuwa ta kai 700 yana murna, bai ma mai da uwar kuɗinsa ba. In tiya ta kai 900, ribar buhu 7,300 ce, wajen kashi 25 cikin ɗari a wata 7. A buhu 50, jika 365. In ta tsaya a 750, ribar buhu 1,300 ce kacal, wahala ta fi ta yawa. In ta koma 650, kowane buhu ya ci maka 2,700. Dukkan ukun suna faruwa. Wanda bai iya jure na ukun ba, ya rage yawan abin da zai saya.

Daga nan ka'ida ɗaya ke fitowa: a shekarar da damana ta yi gardama har farashi ya fara da tsada tun kaka, tazarar da ta rage masa ya hau kaɗan ce, kuma a irin shekarar ne hukuma ta fi sa hannu a kasuwa. Shekarar yalwa, lokacin da kowa ke raina kaya, ita ce ta mai ajiya.

Me za a saya

Wake ya fi kowane kaya tazarar farashi, ya kuma fi kowanne saurin lalacewa. Mafi yawansa Najeriya yake nufa, ta Ɗan Isa da Jibiya har kasuwar Dawanau ta Kano, don haka farashinsa yana bin buƙatar can fiye da ta nan. Fari mai manyan ƙwaya ya fi samun masu saye. Kada a gauraya fari da ja ko manya da ƙanana. Gaurayayyen buhu da farashin mafi arha daga cikinsu ake sayensa.

Hatsi, wato gero, ya fi sauƙin ajiya. Ƙwayarsa mai tauri ce, in ya bushe sarai yana shekara ba abin da ya same shi. Sai dai shi ne abincin jama'a, shi ya sa idon hukuma ke kansa: da zarar OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta Nijar, ta fito da kaya a farashi mai rahusa, ko aka fara rabon taimako, kasuwarsa sai ta yi sanyi. Dawa da masara suna bin sawunsa, masara kuwa tana son ƙwaro kusan kamar wake.

Aya ta zama kayan kuɗi a yankunan Agye, Cadawa da Madarunfa. Ba ta da matsalar ƙwaro irin ta wake, matsalarta ƙasa ce da ɗanyantaka. Tona ta ake yi a tankaɗe, saboda haka yashi da tsakuwa ba su rabuwa da ita, kuma wadda aka saya ba ta gama bushewa ba tana ƙanƙancewa ta rage awo. A sayi busasshiya, a sake tankaɗe ta kafin a zuba a buhu.

Gujiya a ajiye ta da ɓawonta. Ɓararriya tana saurin canza ɗanɗano saboda man da ke cikinta, in kuma ta sha laima sai ta yi funfuna mai guba, wadda masana ke kira afalatoksin, mai lahani ga hanta. Masu sayenta biyu ne: mata masu mai da ƙuli-ƙuli duk shekara, da manoma masu neman iri a Mayu da Yuni. Gujiya ce ta fara gina arzikin alhazan Maradi, zamanin da ake lodinta ana fitarwa waje, har farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya nomanta. Wanda ya san wannan tarihi ba ya zuba dukkan jarinsa a kaya ɗaya.

Riɗi kuwa kasuwarsa ta masu fitarwa waje ce, kuma suna saye ne cikin 'yan watanni bayan kaka. Ba kayan doguwar ajiya ba ne ga mai ƙaramin jari. A saya mai tsabta, a sayar kafin manyan masu saye su rufe.

Ranar saye

A kasuwannin ƙauye na ɓangaren Mayahi, Dakwaro, Tasawa da Gidan Runji kaya sun fi arha bisa cikin gari, amma arhar ba ta da amfani sai ta fi kuɗin mota da ɗawainiya. Lokacin da ya fi dacewa galibi daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba. Waken farko-farko na ƙarshen Satumba yakan zo da ɗanyantaka, kuma farashinsa bai gama sauka ba. Kada a kashe kuɗin duka a kasuwa ɗaya. A raba sayen ranakun kasuwa uku ko huɗu, domin ba wanda ya san ranar da farashi zai kai ƙasansa.

Je da tiyarka. Tiya ba ɗaya ba ce: akwai wadda aka bubbuga gindinta ya shiga ciki, akwai mai faɗin baki, kuma tozon da ake yi a kai da hannun da ake tarewa da shi suna canza awo sosai. Bambancin rabin kilo a kowace tiya huɗu, a buhu ya zama kilo 5. In akwai sikeli, a auna buhun bayan an cika a rubuta nauyin a jikinsa. In buhu-buhu ake saye, kada a yarda da abin da ke baki. A juye aƙalla ɗaya cikin biyar a kan tabarma, ko a soka ƙarfen gwaji a gindi da tsakiya. A can ake samun yashi, da tsohon kaya na bara da aka lulluɓe da sabo.

Gwajin bushewa biyu ne. Na farko haƙori: busasshiyar ƙwaya tana fashewa ƙas, ɗanya tana lotsewa. Na biyu gishiri, kuma ya fi tabbaci. A samu kwalba busasshiya mai murfi, a zuba ƙwaya kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe a girgiza minti ɗaya, a bar ta kwata ɗin awa, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, laimar kayan ta kai wajen kashi 15 cikin ɗari ko ta wuce, ba su isa ajiya ba. Wake ana so ya sauka ƙasa da kashi 13, gujiya ƙasa da haka sosai, wajen kashi 8.

Sannan a ɗebi wake tafi ɗaya a duba da kyau a rana. Huda ana ganinta, amma abin tsoro shi ne 'yan fararen ɗigo da ke manne a bayan ƙwaya. Ƙwan ƙwaro ne.

Ajiyar wake, inda mafi yawan jari ke mutuwa

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana yin ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta huda ta shiga, ta ci cikin, ta fito babban ƙwaro cikin mako 3 zuwa 4 in ana zafi. Kowace mace tana yin ƙwai da dama, saboda haka buhun da aka ga huda ɗaya-ɗaya a Nuwamba, in an bar shi a buhun banza, kafin Maris ya zama gari da ƙwari. Babu waken da za a ce ba shi da ƙwaro. A ɗauka duk yana da shi.

Maganin da ya fi inganci ba magani ba ne, hana iska ne. Buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a nan Maradi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Tun 2007 aka fara yaɗa shi. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In an ɗaure, ƙwarin da ke ciki su ke shanye iskar da ta rage, sai su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a zuba komai a ciki.

Amma yana da sharuɗɗa, kuma kusan duk wanda ya ce buhun ya ci amanarsa, ɗaya daga cikinsu ya karya. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda a cika ta da iska, a riƙe bakinta a matsa. In tana saki, tana da huda, a ajiye ta gefe. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun saƙa, a naɗe bakunansu waje. A fara zuba tiya biyu ko uku don gindin ya zauna ba lanƙwasa, sannan a ci gaba ana girgizawa. Kada a cika fal. A bar kamar taƙi ɗaya a sama don ɗauri. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya ko robar taya. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ɗauri uku daban-daban. Wanda ya haɗa su ya ɗaure gaba ɗaya ya ɓata aikin.

Waken da za a zuba ya zama an sheƙe shi, domin guntun kara da tsakuwa suna huda leda daga ciki. In an shanya shi a rana, a bar shi ya huce a inuwa tukuna. Mai zafi in aka rufe shi yana yin gumi a jikin leda, gumin ya jawo funfuna. Ɗanyen wake kuwa buhun ba ya gyara shi, ruɓar da shi yake yi. Bayan an ɗaure, kada a buɗe don leƙawa, kada a soka ƙarfen gwaji, kuma a hana 'yan dako ja a ƙasa ko ɗauka da ƙugiya. Ledar da aka kula da ita tana yin kaka biyu ko uku. A kuma yi hattara da jabu: leda maras kauri tana kama da ta gaske a ido, a saya wurin dillalin da aka sani.

Mai ƙaramin kaya yana iya amfani da duro na ƙarfe mai lita 200 ko jarka, muddin an cika su har baki kuma murfin ba ya shan iska. Duron da ya taɓa ɗaukar man fetur ko maganin feshi ba a sa abinci a ciki.

Game da ƙwayar fostoksin da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari: iskar da take fitarwa guba ce mai kashe mutum, ta sha kashe iyalai da suka kwana ɗaki ɗaya ko maƙwabtaka da kayan da aka sa wa. Aikin ƙwararru ne a ƙarƙashin tamfol da aka rufe ruf, nesa da wurin kwana, kuma ba ta hana sabon ƙwaro shiga bayan an buɗe. Yayyafa maganin feshi na ruwa a kan wake kuwa cutar da masu ci ne kai tsaye. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Masu saye da yawa yanzu sukan shinshina kaya, kuma wanda ba shi da warin magani ya fi daraja.

Mangaza

A share ta, a ƙone tsofaffin buhuna da sharar bara, a toshe ramukan ɓera da siminti. A jera katako a ƙasa ya ɗaga kaya kamar santimita 15, a bar rabin mita tsakanin kaya da bango yadda mutum zai zagaya, kada kuma jeri ya taɓa kwano. Ɓera shi ne babban abokin gaban buhu mai ninki uku, huda ɗaya ta isa. Gara tana shigowa ta ƙasa da bango. A duba rufi a watan Afrilu kafin ruwan farko, ba bayan ya zuba ba. Wanda ya ga ambaliyar damanar 2024 a Maradi ba sai an gaya masa ya guji mangazar da ke kwari ko bakin hanyar ruwa ba. A shiga duk mako biyu, a ƙirga, a rubuta. In mangazar haya ce da ake tarayya, kowane buhu ya samu alamar mai shi da fenti, kuma a karɓi takardar adadi.

Abin da ke motsa farashi

Abu uku ne ba su hannun kowa a kasuwa. Na farko naira. In ta faɗi a kan sefa, kamar yadda ta yi sosai daga 2023, kayanmu sai su yi wa ɗan kasuwar Kano tsada ya rage saye, shi kuma hatsi da masarar can su shigo nan da arha. Mai ajiyar wake da aya ya riƙa tambayar canji kamar yadda yake tambayar farashin tiya. Na biyu iyaka: Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake rufewa na wasu watanni bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Na uku dokar cikin gida. A Oktoba 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Irin wannan doka tana tsare kaya a gida, farashi ya kwanta. A binciki inda doka take kafin a saya, ba lokacin sayarwa ba. Farashin kasuwanni kuwa SIMA, hukumar da ke bin farashin amfanin gona, tana tattarawa tana fitarwa, RECA, haɗin gwiwar majalisun manoma na Nijar, ita ma tana yaɗa bayanai ga manoma. A haɗa da waya ga mutum biyu ko uku a kasuwanni daban.

Sayarwa

A raba kaya uku. Kashin farko a sake shi da zarar farashi ya rufe dukkan kuɗin da aka kashe da riba mai ma'ana, sau da yawa tsakanin Maris da Afrilu, ko gab da azumi in ya faɗo cikin lokacin ajiya, tun da ƙosai da kunun aya suna ƙara buƙata. Na biyu lokacin shuka. Na uku shi ne na jira, amma jiran yana da iyaka. In ruwa ya zauna da kyau a Yuli, shuka ta yi kyau, manyan 'yan kasuwa sukan buɗe mangazunsu lokaci ɗaya, farashi ya karye tun kafin sabon kaya ya fito. Wanda Agusta ta ƙare masa da waken bara a hannu, da sabo zai yi gasa, kuma sabo ne zai ci. Bashi kuwa, musamman na kayan da za su tsallaka iyaka, ya cinye 'yan kasuwa fiye da ƙwaro. Kuɗi a hannu, kaya a mota.

In kuɗin ba su kai ba, ko ana son shiga gona

Ƙungiyoyin manoma suna da tsarin warantaj: a tara kaya a mangaza ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin asusun da ya ba da bashi, a karɓi galibi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na darajar kayan a farashin kaka, a biya bayan wata biyar ko shida a kwashe kaya. Yana hana manomi sayarwa da arha, amma akwai ruwa a kan bashin, dole a sa shi cikin lissafi, wanda kuma yake da shakka ta fuskar addini ya tambayi malami kafin ya sa hannu.

Zuba kuɗi a gona kai tsaye ya fi ajiya haɗari, don an ƙara ruwan sama a cikin abin da ba a iko da shi. In za a yi, kada a miƙa tsabar kuɗi. A sayi iri da taki a kai. Irin hatsi HKP, waken IT90 ko TN5-78, da gujiya 55-437 duk sanannu ne a yankin kuma suna nuna da wuri. Taki a sa shi rami-rami: giram 6 na NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ke nan, ko giram 2 na DAP. In an shuka mita ɗaya tsakanin rami da rami, eka ɗaya, wato hekta mai murabba'in mita 10,000, tana da rami 10,000, wato kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP. Kada takin ya taɓa iri a ƙasa maras laima, yana ƙona shi. A duba gonar da ido tun kafin shuka, a tambayi maƙwabta ko tana da ƙuduji. Yarjejeniyar rabo a yi ta gaban shaidu, a faɗi wanda ke da harawa da kara, domin a shekarar da wake bai yi 'ya'ya ba, harawar ce ke mai da kuɗin taki in an adana ta zuwa bazara.

Saura zakka, wadda ita ma tana cikin lissafi. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma in ya kai nisabi, na ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Kayan da aka saya don kasuwanci hukuncinsu daban ne, ɗaya cikin arba'in, kuma a mazhabar Malikiyya an bambanta mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran kasuwa: na biyun sai ya sayar yake fitarwa daga kuɗin, in shekara ta zagayo wa jarin. A kai wa malami littafin da aka rubuta ranar saye, adadin buhu da farashi, ya duba.